DASHEN ITATUWA DON AJIYAR HAYAƘI: INA MATSAYIN MUSULMI?

 

Duk wanda Allah Ya nufa da sauke farali a 'yan shekarun nan, idan ya tsaya a filin Arfa, zai ga wani abu da alhazan dā ba su gani ba. Kakanninmu da suka bi ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, fili suka tarar fetal, ba inuwa sai ta tanti. Yau kuwa layuka ne na itatuwa iyakar ganin mutum, kuma da Bahaushe ya matsa kusa sai ya gane ganyen, don darbejiya ce, wadda wasu ke ce wa dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. Kusan guda 50,000 aka fara dasawa a can don alhazai su sami wurin fakewa daga rana. Abin lura shi ne, ba su rayu a wannan ƙasa mai ƙuna don an dasa su kawai ba. An ja musu ruwa, an sa masu kula da su, shekara da shekaru.

Mun fara da Arfa ne domin maganar da za mu yi a wannan mako ta dashen itatuwa ce, amma da wata manufa da iyayenmu ba su san ta ba. Dā ana dasa itace don inuwa, ko 'ya'ya, ko azara, ko tare hamada. Yanzu gwamnatoci da manyan kamfanonin duniya suna dasa gandu guda na itatuwa don su zama rumbun ajiye hayaƙi, har ana saye da sayarwa a kan wannan ajiya. Maganar ta iso ƙasarmu. Attajiri zai ji ta a bakin wanda ke neman sa hannunsa a jari, ma'aikacin gwamnati kuwa zai same ta a fayil a kan teburinsa. Ya kamata su duka biyu su san mene ne ake ajiyewa, da kuma abin da Shari'a ke tambayar mai karɓar ajiya.

Kowa ya san gawayi. Baƙin abin nan da ke cikinsa shi masana ke kira kabon. Shi ne ƙashin bayan man fetur da kwal da iskar gas da itacen girki, kuma duk lokacin da aka ƙona ɗayansu sai kabon ɗin ya haɗu da iskar da muke shaƙa, ya tashi sama a matsayin wata iska marar launi marar wari. Wannan iska tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin injuna yawanta a sararin samaniya wajen kashi 280 ne cikin miliyan. Yau ya haura 420. Daga nan ne ƙarin zafi da rikicewar damina suka samo asali.

Shi kuwa itace, da ikon Allah, aikinsa akasin wannan ne. Ganyensa na zuƙar iskar nan, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana, ya mayar da ita gangar jiki da rassa da saiwa. Idan aka busar da itace aka auna, kusan rabin nauyinsa kabon ne. Ga 'yan kasuwa masu son lissafi: bishiyar da busasshen nauyinta ya kai tan ɗaya tana riƙe da kabon wajen rabin tan, wanda ta tace daga iska mai nauyin tan 1.8, watau kwatankwacin abin da ke fita daga mota idan ta sha lita 800 ta fetur. A ƙarshen Suratu Yasin, da kuma cikin Suratul Waƙi'a, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ja hankalinmu ga wutar da muke kunnawa daga itace, Ya sanya ta cikin hujjojin ikonSa. Wutar murhu hasken rana ne da iskar da itace ya tara shekaru, suke komawa inda suka fito cikin sa'a guda.

To, a nan gizo ke saƙar. Ajiyar tana nan muddin itacen na tsaye, ko kuwa an yi ƙofa ko azara da shi an adana. Ranar da aka sare shi aka hura, ko gobara ta ci shi, ko gara ta cinye, rumbu ya fashe, abin da ke ciki ya koma sama. Haka ya faru a shekarar 2021 a jihar Oregon ta Amurka, inda wata babbar gobarar daji ta cinye wani yanki na dajin da aka riga aka sayar wa kamfanoni da ajiyar kabon ɗinsa. Hayaƙin da masu saye suka fitar yana sama, itatuwan da aka ce sun biya musu bashin kuma sun zama toka.

Cinikin ya samo tushe daga yarjejeniyar Kyoto ta 1997, ya ci gaba a ƙarƙashin ta Paris ta 2015. Kamfani a Turai yana fitar da hayaƙi, sai ya biya wani a Afirka ko Asiya ya dasa itatuwa, a ba shi takardar shaida cewa an kwashe masa tan kaza. Fatawa a kan halascin wannan irin ciniki ta malamai ce. Amma sharuɗɗan ciniki a littattafanmu na Malikiyya ba ɓoyayyu ba ne, duk wanda ya karanta Risala ko Askari ya ji su: abin sayarwa ya zama sananne a awo da siffa, mai sayarwa ya zama yana da ikon miƙa shi, kuma kada a sami garari. Wanda ya sayar da ajiyar shekara 30 alhali bai tanadi mai tsaron shekara uku ba, me ya raba shi da mai sayar da tsuntsu a sama? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Falalar dashe dai ba ta buƙatar doguwar hujja. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi ko shukarsa, ana rubuta masa ladan sadaka. Imamu Ahmad ya ruwaito wani da ke kwaɗaitar da mai riƙe da ɗan dabino ya dasa shi ko da tashin alƙiyama ya riske shi. A Muwaɗɗa kuma akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandan da ya tura Sham, inda ya hana saran itace mai 'ya'ya ko a fagen yaƙi. Sai dai a duba hadisin Anas da kyau. An rataya ladan ne ga cin amfanin, ba a ƙirga ramukan da aka haƙa ba. Tsuntsu ba ya cin 'ya'yan itacen da ya mutu yana ɗan wata biyu.

Wannan kuwa ya shafe mu ƙwarai, don mun san yadda bikin dashen itatuwa yake a garuruwanmu. Mun sha halarta. A kafa rumfa, a yi jawabai, babban baƙo ya durƙusa ya dasa guda ɗaya, a zuba ruwa da buta mai kyau, a ɗauki hoto. Bayan wata uku ka koma wurin, sai ka tarar da kwandunan kariya a kife, akuya na kiwo a tsakani. Rahoton da ya tafi hedkwata kuwa ya ce an dasa dubu kaza, kuma haka zai zauna a fayil har abada. Ba mu kaɗai ke da wannan cuta ba. A ƙasar Turkiyya, ranar 11 ga Nuwamba 2019, an dasa itatuwa miliyan 11 a yini guda. Ba a yi wata uku ba ƙungiyar ma'aikatan noma da gandun daji ta ƙasar ta ce mafi yawan waɗanda ta duba sun bushe don ƙarancin ruwa, ko da yake gwamnati ta musanta. Dā irin wannan rahoto asarar kuɗin jama'a kawai yake jawowa. Yanzu da aka fara sayar da adadin ga wasu, ya zama tauye mudu, kuma kowa ya san da wace kalma Suratul Muɗaffifina ta buɗe. Ma'aikacin da ya sa hannu a kan itatuwa dubu goma alhali ya san dubu biyu ne ke raye, ba ya buƙatar mu gaya masa sunan abin da ya aikata.

Babban aikin da ya fi kusa da mu shi ne wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, watau Babbar Katangar Itatuwa. Yadda aka fara tsara ta, ɗamara ce ta itatuwa mai tsawon kilomita kusan 8,000 da faɗin kilomita 15, daga Senegal zuwa Jibuti. Burin da aka sa wa shekarar 2030 shi ne a farfaɗo da hekta miliyan 100 na ƙasa, a ajiye kabon tan miliyan 250, a samar da aikin yi miliyan 10. A Nijeriya an kafa wa aikin hukuma ta musamman da doka a 2015, kuma ya shafi jihohi 11: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Bauchi, Gombe, Yobe, Borno da Adamawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa a cikin ainihin yankin katangar, hekta miliyan 4 kacal aka gyara zuwa lokacin.

Mu ɗauka ma an cika burin cif. Duniya tana fitar da iskar nan fiye da tan biliyan 37 a shekara daga man fetur da kwal da gas da siminti. Kabon tan miliyan 250, in an juya shi zuwa nauyin iskar, bai kai abin da duniya ke fitarwa a kwana 10 ba. Afirka baki ɗayanta kuwa rabonta cikin wannan hayaƙi bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Saboda haka duk wanda ya gaya maka dashenmu zai wanke wa masu masana'antu zunubinsu, ya faɗa maka son zuciyarsa ne. Mu dasa, amma mu san don wa muke dasawa.

Akwai kuma bambanci tsakanin gandu da daji. Gandun dashe yawanci iri ɗaya ne, turare ko malaina ko makamantansu, a jere kamar sojoji, ana kuma girbe su bayan shekara 10 ko 20 a sayar. Duk girbi ajiya ta ragu. Wasu masana da suka yi nazarin alkawuran da ƙasashe suka ɗauka na mayar da dazuzzuka sun wallafa a 2019 cewa kusan rabin filin da aka yi alkawari gandun kasuwanci ne, kuma a lissafinsu, a tsawon zamani, dajin da aka bari ya farfaɗo da kansa yana riƙe kabon ninki 40 na irin wannan gandu. Ba muna cewa gandu ba shi da amfani ba. Darbejiyar da aka shigo da ita Borno a 1928 ita ce ta rufa wa titunan Maiduguri asiri. Shingayen itatuwa da aka ja a arewacin Kano, wajen Ɗambatta, sun karya ƙarfin iska a kan gonaki. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, layukan darbejiya da aka fara dasawa a 1975 sun ƙara yawan geron da ake girbewa a bayansu. Kuma gandun da ke ba gari itacen girki yana sauƙaƙa wa marke da kirya na daji gatari. Amma a kira shi da sunansa, gonar itace, kada a sayar da shi da sunan rumbun da ba a taɓawa.

Sai babbar magana, wadda muke roƙon masu riƙe da alƙalamin gwamnati su karanta sau biyu. Gandu yana son fili, fili mai yawa. A kan taswira ana rubuta wa irin wannan fili "ba kowa", amma wanda ya taɓa zama ƙauye ya san ba haka ba ne. Nan ne burtali ya ratsa, nan ne makiyaya ke sauka da kaka, nan mata ke samo itace da ganyen miya, nan ne saurar da mai ita ya bari ta huta. A 2011 ƙungiyar Oxfam ta ba da rahoton cewa an tashi mutane fiye da 20,000 daga gundumomin Mubende da Kiboga a ƙasar Uganda don wani kamfanin Ingila ya dasa gandun katako, wanda cinikin kabon na cikin lissafinsa. Kamfanin ya ce ba shi ya tashe su ba, hukuma ce, kuma daga baya aka yi sulhu da mutanen. Ko ma wane ne ya ɗaga sanda, talaka ne ya kwana a waje.

Musulunci ya riga kowa sanin keɓe fili don maslahar jama'a. Shi ne hima, wanda Hausawa suka san ɗan'uwansa da sunan hurumi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Amma a ji umarnin da Umar ya ba baransa Hunayyu da ya sa shi tsaron hurumin, kamar yadda ya zo a Buhari da Muwaɗɗa. Ya hore shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki su shiga su yi kiwo, amma ya tare dabbobin Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka da 'ya'yansa zai zo ƙofar Halifa yana kuka. Har ya ƙara da cewa ƙasar tasu ce, ba don dabbobin da ake ɗora mayaƙa a kansu ba, da bai keɓe ko taƙi ɗaya ba. A duba waɗanda aka hana: manyan sahabbai biyu, attajirai, cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Waya kuwa da ake kewaye gandun zamani da ita, wa take hanawa, wa take bari?

Malamanmu na nan ƙasar ba su bar wannan babi ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke mallakar mataccen fili da haƙƙin da jama'a ke da shi a kewayen gari. A mazhabarmu, raya fili da ke kusa da gari sai da izinin shugaba, don kada a cuci masu amfani da shi. Dokar ƙasa ta 1978 ma da ta danƙa filayen jiha a hannun Gwamna, cewa ta yi ya riƙe su a matsayin amana don amfanin 'yan ƙasa. Saboda haka jami'in da aka kawo wa takardar neman hekta dubu biyar don dashen kabon, kafin ya duba yawan kuɗin, sai ya tashi ya je ya ga filin da idonsa, da rani da kuma damina, ya zauna da mai unguwa da arɗo, ya tambayi wa ke ci daga wurin. Ya kuma tambayi mai neman: shekara nawa za a riƙe filin, wa zai sami kuɗin takardun, wa zai ɗauki asara in gobara ta tashi.

Wani abin mamaki shi ne, ajiyar itatuwa mafi girma da aka samu a yankinmu ba a dasa ta ba sam. Bayan farin 1973 da na 1984, ƙasar Maraɗi ta zama kamar an share ta da tsintsiya, kuma yawancin itatuwan da ƙungiyoyin agaji suka dasa sun mutu. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ne, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. (Gaskiya ko daga bakin wa ta fito, Musulmi ya fi kowa cancantar ɗaukarta.) Dabarar ba ta da wuya: manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabba da wuta. Mutanen Nijar suka sa mata suna sassabin zamani. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa, ba ta neman ban ruwa. Cikin shekara 20 da 'yan kai, an ƙiyasta cewa gonaki hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram sun sake tsiro da itatuwa wajen miliyan 200: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Da sabon gini gara yaɓe, in ji Hausawa.

Me ya sa ba a yi haka tun dā ba? Domin a ƙarƙashin dokar daji da aka gada daga Faransa, itace na hukuma ne ko da a tsakiyar gonarka yake, kuma malamin daji na iya cin tararka in ka sare reshe. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai ya zama shi ne mai gadi, ba albashi ba alawus. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da 'ya'ya, ƙasar gindinsa kuma ta fi ko'ina albarka. Ba banza ba ake ba da tarihin cewa sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani a kan mai saransa.

Attajirin da ke son shiga wannan harka don neman halal, ƙofa a buɗe take, muddin filin ya same shi ta hanyar da ba kuka a cikinta, kuma abin da zai sayar ya auna shi da mudun gaskiya. Daƙwara ma tana nan, tana riƙe ƙasa, tana ba da ƙaro mai kasuwa a ƙasashen waje ba tare da an sare ta ba. Wanda kuma lahira yake nema, to ga babin wakafi, wanda muka taƙaita shi ga masallaci da rijiya alhali ya fi haka faɗi. Mutum na iya tsayar da fili ya zama wakafin itatuwa ga makarantar allo, ko maƙabarta, ko bakin kasuwa, ba a sayarwa, ba a gado, ba a kyauta. Sai dai ya rubuta cikin takardar wakafin, gaban alƙali da shaidu, daga ina za a riƙa biyan mai ban ruwa na rani uku na farko, da kuɗin waya ko ƙaya ta shinge, da wanda zai maye gurbin nazirin in ya rasu. Idan dukiyarsa ba za ta ɗauki nauyin dubu ba, ya dasa ɗari.